Ku Tambaya Mu Amsa: Injiniyanci a Firamare, Shin Ba a Yi Gaggawa Ba?

Wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan sun karkata ga abu ɗaya, wato darussan fasaha da kwamfuta da aka shigar cikin manhajar makarantun 'ya'yanmu. Mun zaɓi huɗu, duka daga zangunan Kumasi, mun taƙaita su, kuma mun ɓoye sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Ni fita ne, na yi shekara talatin ina gyaran manyan motoci a Suame Magazin, unguwar masu gyaran motoci ta Kumasi, kuma ban taɓa zama a ajin boko ba. Ɗana yana aji biyar na firamare, ya zo mini da labarin cewa ana koya musu kwamfuta, in ya shiga ƙaramar sakandare kuma za a koya musu fasahar sana'a. Na je makarantar, ban ga kwamfuta ba, ban ga ko sifana ɗaya ba. Shin ba gara in ɗauke shi in kai shi shagona da zarar ya gama ƙaramar sakandare ba? — Wani mahaifi daga Aboabo.

Amsa: Alhaji, shakkar da kake yi tana da tushe, domin wannan ba shi ne karo na farko da aka yi wa iyaye irin wannan alkawari a Gana ba. A 1987, zamanin mulkin Jerry Rawlings, an rushe tsohuwar makarantar midil, aka kafa ƙaramar sakandare ta shekara uku, aka rage shekarun karatu kafin jami'a daga 17 zuwa 12, kuma babbar hujjar da aka bayar ita ce kowane yaro zai fito da sana'a a hannunsa, ko kafinta, ko ƙira, ko gini, ko ɗinki. An tsara cewa kowace makaranta za ta sami ɗakin aikin hannu. Makarantu da yawa ba su taɓa samun ɗakin ba, waɗanda suka samu kuma ba su sami malamin da ya iya riƙe zarto ba, sai darasin ya koma zanen guduma a kan allo da haddace sunayen sassanta. Wanda ya yi karatu a wancan lokaci zai iya lissafa maka ire-iren katako biyar, amma in ƙafar kujerarsa ta karye sai ya kira kafinta. A 2019 hukumar tsara manhaja ta ƙasa ta fito da sabuwar manhajar firamare, wadda ta sa darasin kwamfuta tun daga aji huɗu, sannan aka biyo da ta ƙaramar sakandare mai darasin fasahar sana'a, kuma a 2024 aka fara jarraba yara a BECE, wato jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, bisa wannan sabon tsari. Manhajar ba ta da laifi a takarda. Abin da ka gani da idonka, aji babu kayan aiki, shi ne ciwon 1987 da bai warke ba.

Duk da haka ban ba ka shawarar cire yaron ba, kuma dalilina yana cikin shagonka. Ka tuna irin motocin da kake gyarawa shekara talatin da suka wuce: kana kasa kunne ka ji ƙarar injin, ka san ko kabureta ce ko filogi, ka kwance ka gyara. Motocin da ke shigowa ƙasar nan yanzu kwamfuta ce ke auna man da ke shiga injin da iskar da ke haɗuwa da shi, kuma in fitilar gargaɗi ta kama a gaban direba sai an jona na'urar bincike, ta fito da lambobi da bayani cikin Turanci. Fitan da ba ya karatu dole ya kira wani yaro mai ƙaramar kwamfuta, yaron ya yi aikin minti goma ya karɓi kuɗin da ya kai na wunin masta. Na san ka ga wannan ya faru a layinku, in ma bai faru a shagonka ba. Ga kuma motoci masu aiki da batir suna tafe, waɗanda ba su da fistin balle kabureta.

Abin da ake kira injiniyanci, in an tuɓe masa rigar jami'a, ba baƙon abu ba ne a wurinka. Idan noti ya ƙi kwancewa kana zura dogon bututu a hannun sifana, ya kwance cikin sauƙi. Ka san yana aiki, injiniya kuma ya san dalilin: ƙarfin murɗawa daidai yake da ƙarfin hannunka a ninka shi da tsawon sandar, don haka in ka ninka tsawon sau biyu ka ninka ƙarfin sau biyu, kuma da wannan lissafi ne zai faɗa maka iyakar da ƙarfen zai jure kafin ya karye. Giya mai haƙori 20 da ke juya mai haƙori 40 sai ta zaga sau biyu kafin babbar ta zaga sau ɗaya, wannan kuwa shi ne lissafin kaso da ɗanka ke fama da shi a aji biyar ba tare da an taɓa nuna masa amfaninsa ba. Makaranta tana da lissafin ba ta da ƙarfen, kai kana da ƙarfen ba ka da lissafin, yaron da ya haɗa biyun shi ne zai iya ƙera abin da ba a taɓa kawo masa samfurinsa ba.

An taɓa gwada wannan haɗin a garin nan, kuma ya yi albarka. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah ta kafa cibiyar ba da shawara kan fasaha a 1972, kuma a 1980 cibiyar ta buɗe reshe a cikin Magazin kanta, inda malaman jami'a suka zauna kafaɗa da kafaɗa da mastoci, suka yaɗa aikin injin sassaƙa ƙarfe da narkar da ƙarfe a zuba a zubi. Daga nan ne ƙera faifan injin niƙa da sauran kayan gyara ya bunƙasa a Suame. Abin takaici shi ne ba mu ga irin wannan zumunci ya sauka zuwa firamare ba, alhali makarantun Tafo da Suame suna jin ƙarar gudumar Magazin daga cikin aji.

Shawarata ita ce ka bar shi a makaranta, amma ka mallaki Asabar ɗinsa da hutunsa. Ka kai shi shago, kada ka bar shi a aiken sayen koko da wanke sifana kamar yadda ake yi wa sababbin yaran shago. Ka ba shi ma'auni ya auna kaurin ƙarfe da milimita, ya ƙirga haƙoran giya, ya rubuta a littafi, ya zana abin da kuka kwance kafin ku mayar. In ya gama ƙaramar sakandare, akwai makarantun fasaha irin su Kumasi Technical Institute, karatu a cikinsu kyauta ne kamar sauran manyan sakandare na gwamnati tun da aka fara tsarin karatun kyauta a Satumban 2017, kuma daga can hanya a buɗe take zuwa Jami'ar Fasaha ta Kumasi. Zai dawo shagonka yana da shekara goma sha takwas ko ashirin da biyu maimakon goma sha biyar, sai dai zai dawo da na'urar binciken a hannunsa.

Tambaya: Ina koyar da aji shida a wata makarantar Islamiyya da ke ƙarƙashin gwamnati. Yarana sun haura sittin, ba mu da ɗakin gwaji, ba mu da kwamfuta, wuta ma sai ta ga dama. An ce in koyar da kimiyya da kwamfuta ta hanyar aikin hannu. Da me zan fara? — Wata malama daga Asawase.

Amsa: Malama, ba ke kaɗai ba ce. A Fabrairun 2018 hotunan wani malami mai suna Richard Appiah Akoto, wanda a lokacin yake koyarwa a wata ƙaramar sakandare a Sekyedumase ta nan jihar Ashanti, suka zaga duniya ta Facebook, yana zana fuskar manhajar Microsoft Word a kan allo da alli kala-kala, domin yaransa za su rubuta jarrabawar kwamfuta ba su taɓa taɓa kwamfuta ba. Kamfanin Microsoft ya kai shi taro a Singafo, masu taimako suka aika wa makarantar kwamfutoci. Jama'a sun yaba masa, kuma ya cancanci yabo, amma ni abin da na gani a hoton shi ne hukumar da ke jarraba yaro a kan abin da ba ta ba shi ba. Ba kowace makaranta ce hotonta zai zaga duniya ba.

Sai dai akwai abu guda da zai kwantar miki da hankali. Zuciyar darasin injiniyanci a firamare ita ce yaro ya fuskanci matsala, ya zana mafita, ya ƙera, ya gwada, abin ya lalace, ya gano dalilin lalacewar, ya sake ƙerawa, kuma wannan ba ya bukatar wutar lantarki. Ki raba yaran rukuni goma, ki ba kowane rukuni tsinken tsintsiya talatin da zare, ki ce su gina gada tsakanin benci biyu, sannan a rataya gwangwani a tsakiya a riƙa zuba tsakuwa ana ƙirgawa har gadar ta karye. Za su gano da kansu cewa gadar da aka ɗaure ta kusurwa uku-uku ta fi mai kusurwa huɗu juriya, daga nan ki ce su ɗaga kai su dubi katakon rufin ajin, za su ga kafinta ya riga su sani. Kada ki faɗa musu amsar tun farko, kuma kada ki hukunta rukunin da gadarsu ta fara karyewa, domin su ne suka fi kowa samun abin rubutawa a littafi.

Unguwarku ma cike take da darasi. Duk damina kwatocin Aboabo da Asawase suna cika da robar ruwan leda, ruwa ya shiga gidaje. Ki sa yara su tsaga gorar roba su yi ƙaramar kwata, su zuba ruwa kofi ɗaya, su ƙirga daƙiƙun da yake ɗauka in an karkata ta kaɗan da in an karkata ta sosai, sannan su cusa 'yan ledoji su sake aunawa. Ki sa su jera tsakuwa da yashi da gawayi a cikin gora su tace ruwan laka, tare da gargaɗin cewa ruwan da ya yi garau bai zama na sha ba, domin ƙwayoyin cuta suna ratsa yashi. Da batir biyu na tocila da guntun waya da ƙaramin ƙwan fitila za su haɗa da'irar lantarki, su yi makunni da ƙusa, su gwada ko cokali da roba da bakin fensir wanne ke wuce da wuta. Batir kaɗai, Malama. Wutar bango ƙarfinta bolt 230 ne, kada yaro ya kusance ta da sunan gwaji.

Ko darasin kwamfuta yana da ɓangaren da ake koyarwa ba kwamfuta. Ki sa yaro ya rubuta umarni ɗaya bayan ɗaya na yadda ake alwala ko dama koko, wani yaron ya zama na'ura, ya bi umarnin daidai yadda aka rubuta ba ƙari ba ragi. In marubucin ya manta bai ce a buɗe buta ba, ajin zai yi dariya, kuma daga wannan dariya sun fahimci abin da mai rubuta manhajar kwamfuta ke yi in yana neman kuskure a aikinsa. Da katuna biyar masu ɗigo 1, 2, 4, 8 da 16 za su iya nuna kowace lamba daga 0 zuwa 31 ta hanyar kifewa da buɗewa, wanda shi ne ainihin yadda kwamfuta ke ƙirga. Ranar da Allah Ya kawo kwamfuta ko guda ɗaya ce, akwai manhajar Scratch, kyauta ce, an yi ta don yara, kuma tana aiki ba intanet in an sauke ta. In kuma kwamitin iyaye zai iya tara 'yan sidi, wasu matasa da suka yi karatu a Jami'ar Kwame Nkrumah ta nan Kumasi sun kafa kamfanin Dext, suna yin akwatin gwajin kimiyya wanda bai fi girman littafin karatu ba.

Abu na ƙarshe, ki duba rajistar ajinki. A cikin iyayen yara sittin na zango ba za a rasa mai walda da magini da tela da mai gyaran waya ba. Ki nemi izinin shugaban makaranta ki gayyaci ɗaya a kowane wata ya zo da kayan aikinsa ya yi awa ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma yaron da ya ga an miƙa wa mahaifinsa alli a gaban aji ba zai ƙara raina sana'ar gidansu ba.

Tambaya: Yaranmu suna dawowa daga boko a gajiye, ga darasin yamma, ga jingar gida. Yanzu kuma an ƙaro kwamfuta da ƙere-ƙere. Yaushe za su zauna gaban allo? — Wani malamin makaranta daga Sawaba.

Amsa: Allah Ya gafarta Malam, darussan nan suna cikin awannin boko da aka saba, ba a ƙara wa yini tsawo saboda su ba. Abin da ke cinye lokacin allo shi ne darasin yamma na kuɗi da ake tsare yara a kansa, kuma wannan magana ce da ya kamata malamai da iyaye su kai gaban kwamitin kowace makaranta. Makarantun da ke ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci, wanda gwamnati ta kafa a 1987, suna da damar tsara jadawalin da zai ɗauki Larabci da addini tare da sauran darussa. Game da ilimin kansa kuwa, ba baƙonmu ba ne. Kalmar aljabara daga aikin Muhammadu ɗan Musa Alkhawarizmi ta fito, malamin Bagadaza na ƙarni na 9, kuma daga sunansa Turawa suka samo kalmar algorithm, wadda masu kwamfuta ke kiran jerin umarni da ita har yau. A 1206 Isma'ilu Aljazari ya rubuta bayanin injinan ɗebo ruwa da agogunan ruwa da ya ƙera. Almajirin da ya iya rabon gado, da sulusi da sudusi da sumuni, ya riga ya mallaki lissafin da ke kayar da 'yan aji shida.

Tambaya: 'Yata tana ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare, ta ce injiniyar lantarki take son zama. Dangin mahaifinta sun ce aikin maza ne, ta yi girki da ɗinki ko aikin jinya. Ni ban yi karatu mai zurfi ba. Wace makaranta za mu zaɓa mata? — Wata uwa daga Tafo Zango.

Amsa: Hajiya, ki gaya wa dangin cewa a 2019 'yan matan makarantar Methodist ta Mamfe, can kan tsaunukan Akuapem, suka je Mishigan ta Amurka suka ciyo gasar ƙera mutum-mutumi mai sarrafa kansa ta duniya da ake kira Robofest. Irin wannan horo ya yaɗu a makarantun Gana ne ta gidauniyar da Dakta Ashitey Trebi-Ollennu ya kafa, injiniya ɗan ƙasar nan da ke aiki da hukumar sararin samaniya ta Amurka. A unguwar Nima ta Ankara, babban birnin ƙasar nan, ma, Regina Honu ta koya wa 'yan matan zango rubuta manhajar kwamfuta, da hijabinsu da komai. Injiniyar lantarki aikinta ya fi yawa a lissafi da zane da gwaji, ba ɗaukar falwaya a ka take yi ba.

Amma magana mafi muhimmanci ita ce takardar zaɓen makaranta, domin a nan ne yaran zango da yawa ke rasa hanya ba tare da iyayensu sun sani ba. Kafin a rarraba ɗalibai zuwa manyan sakandare ta kwamfuta, kowane yaro yana cike makarantun da yake so da fannin da zai karanta. Jami'o'i irin ta Kwame Nkrumah suna neman mai son injiniyanci ya zo da sakamako mai kyau a lissafi na zaɓi, wato mai zurfin, da fizis da kemistiri, ƙari a kan Turanci da lissafi na kowa da kowa. Yarinyar da aka cike wa fannin kula da gida don kawai an fi samun gurbi a can ba za ta karanta waɗannan darussa ba, kuma sai bayan shekara uku za ta gane an rufe mata ƙofa. Gaskiya ne a 'yan shekarun nan Jami'ar Ma'adinai da Fasaha ta Tarkwa ta buɗe shirin share fage na shekara ɗaya don waɗanda ba su yi kimiyya ba, amma gurabensa kaɗan ne, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka fannin kimiyya za ku cike mata, ko ɗaya daga cikin sababbin makarantun kimiyya da fasaha da injiniyanci da lissafi da aka buɗe zamanin da Dakta Yaw Osei Adutwum yake ministan ilimi, waɗanda akwai ta 'yan mata zalla a gundumar Bosomtwe, ba nisa da Kumasi. In hankalinki bai kwanta da makarantar kwana ba, musamman bayan ce-ce-ku-cen da aka yi a 2021 kan hana ɗalibai Musulmi azumi a wata makarantar mishan, to akwai manyan sakandare na Musulunci a cikin garin nan, kuma tana iya yin jeka-ka-dawo. Kowace kuka zaɓa, ki je da ƙafarki kafin a cike takarda. Kada ki tsaya kallon fentin gini. Ki nemi a nuna miki ɗakin gwaji, ki tambayi malaman fizis nawa ne, sannan ki ja wata ɗaliba 'yar aji biyu gefe ki tambaye ta sau nawa suka shiga ɗakin nan a zangon karatun da ya wuce.

Tsakanin yanzu da jarrabawa, ki rage mata tallan yamma da wanke-wanke gwargwadon iko, ki nemi wani ɗalibin jami'a a unguwa ya riƙa zama da ita kan lissafi sau biyu a mako, domin fannin kimiyya a makarantu masu kyau yana neman maki mai ƙarfi a lissafi da kimiyya. Maganar dangi kuwa, ki fara shawo kan mahaifinta shi kaɗai, ki bar shi ya tunkari 'yan'uwansa, kuma ranar cike takardar ku je makarantar tare, ku sa a karanta muku abin da aka rubuta kafin ya sa hannu.